Gurbi Bakwai a Farkon Layi

Litinin, 18 ga Nuwamba 1991, bayan la'asar

Yau mutane suka cika ƙofar ofishinmu, kuma ba gaisuwa ce ta kawo su ba.

Bari in rubuta abin daga tushe tun kaina bai ɗau zafi ba. Mu uku ma'aikatarmu ta turo gaba daga Legas tun watan Satumba, masu rubuta furogiram na kwamfuta: ni, da George, da shugabanmu Malam Yamusa. Muka tarar an ɗauki wata yarinya a nan, Hansatu, muka zama huɗu. Tsohuwar na'urarmu, wadda ta cika ɗaki guda, an bar ta a Legas domin ba ta ɗaukuwa. A nan Garki an jera mana sababbi ƙanana, kowacce a kan teburinta. Aikinmu shi ne mu kwaso bayanan ma'aikata daga tsohuwar a kan tef, mu juye a cikin sababbin, su kuma su raba wa kowa gida a Nyanya ko Karu ko Kubwa kafin ya iso da iyalinsa.

Rukunin farko manya ne, da hannu aka raba musu nasu, babu wanda ya ji kansu. Rukuni na biyu suka iso ranar Asabar da motocin kayansu, sai aka tarar wasu babu sunansu kwata-kwata, wasu kuma gida ɗaya an ba wa mutum biyu.

Malam Yamusa ya fito ya ba su haƙuri. Mutum ne da in ya ce ƙaramin abu ne, sai ka ji hankalinka ya kwanta. Shi ya koya mini aiki lokacin da na fara, ina 'yar Zariya mai tsoron tsallaka titin Legas, kuma har yau ba na iya haɗa ido da shi in muna magana. A ma'aikatarmu in abu ya gagara, cewa ake yi a tambayi Yamusa. Ya ce gobe zai duba.

Talata, 19 ga Nuwamba, da yamma

Bai duba ba. Ya ce kansa ke ciwo.

Laraba, 20 ga Nuwamba, bayan magariba

An aike ni Nyanya in ga waɗanda abin ya shafa. Na tarar da matar wani direbanmu tana hura wuta a gindin motar da ta kawo kayansu, yaranta na zaune kan katifa a naɗe. Ban tambayi kwanansu nawa a wurin ba, ai na sani. Ta gaishe ni da fara'a, ta ce sun ji an ce kwamfuta ce ta manta da su. Na ce za a gyara. Ta ɗebo mini ruwa a kofi, da ƙyar na haɗiye shi don kunya.

Akwai tsohuwa tare da su, uwar mijin, a kwance a bayan motar. Abin da na gani game da ita ba zan rubuta ba.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, maza sun tafi masallaci

An ba Hansatu takardar tuhuma.

Darakta ya kira mu huɗun da safe, bai ce mu zauna ba. Ya ce maganar ta wuce shi, an ji ta a sama, kuma na sama suna son a ba su suna.

"Wa ya yi juyen?"

Hansatu ta ce, "Ni ce, sa."

"Da izinin wa?"

Ta sunkuyar da kai. Malam Yamusa ya ƙura wa taswirar Abuja da ke bango ido kamar yau ya fara ganinta. Darakta bai sake tambaya ba. Ya ce kwamiti zai zauna a kanta ranar Talata, goma ga Disamba.

Yarinyar nan ba a ma tabbatar da ita a aiki ba, tana cikin watannin gwaji, korarta sa hannu ɗaya ce. 'Yar wani ƙauye ce a bayan Gwagwalada, ita ce ta farko a gidansu da ta wuce sakandare. Ubanta manomi ne, yakan aiko mana da doya ta hannun direban motar haya, wai ta malaman 'yarsa ce. Ranar da ta fara aiki ta gaya mini tana dariya cewa inda aka gina ofishin nan kakarta ta sha zuwa itace. Yau da muka fito daga wurin Darakta ta ce, "Anti, kar ki damu, zan rubuta amsa." Wai ni take lallashi.

Akwai wata magana da aka yi ranar juyen. Ina wurin, na ji ta. Ba yau zan rubuta ta ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba, da rana

Na yi wanki. Na je ofishin waya na bi layi na kira Legas, yara lafiya. Maigidana, Baban Nabila, ya ce muryata ba daidai take ba, na ce layin ne.

Litinin, 25 ga Nuwamba, hutun azahar

Kullum da safe mukan tsaya a gaban teburin Malam, kowa ya faɗi inda aikinsa yake. Tun Legas haka muka saba, kuma amsar ɗaya ce: ba matsala. Yau ma mutane na kwana a gindin mota, mu huɗu muka ce ba matsala, muka watse.

George ya biyo ni teburina. Ɗan kudu ne amma a Kaduna ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan uwana, bakinsa kuma ba shi da birki. Hajiya yake kirana, ko da yake ko filin jirgi ban taɓa zuwa da niyyar Makka ba.

"Hajiya, mu huɗu a ɗakin nan kowa farfesa ne. To wa ya ɓata aikin, aljani? Abeg, a fara faɗin gaskiya."

Kafin azahar ya samo katako ya shafe shi da baƙin fenti, ya rataye kusa da ƙofa, ya rubuta a sama da alli: ABIN DA BAN SANI BA. Ya ce kowa ya rubuta nasa, ba sai ya sa suna ba. Malam ya tsaya ya karanta, ya ce, "Wasan yara," ya wuce.

Talata, 26 ga Nuwamba, da yamma

Hansatu kaɗai ta rubuta. Ta ce ba ta san yadda tsohuwar na'ura ke ajiye bayani a tef ba, ko ganinta ba ta taɓa yi ba. Ni na ɗauki alli na juya shi a hannu na ajiye. Rubutuna kowa ya san shi.

Laraba, 27 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mataimakin Darakta ya shigo neman wani fayil, ya ja ya tsaya a gaban allon. Ya ce rubutun wa ne wannan. Ba a ma buƙatar amsa. Ya ciro biro ya kwafe a takarda, ya ce to ai ga shi nan ta amsa laifinta da hannunta.

Yana fita George ya goge allon da hannun rigarsa, farar riga ce kuwa. Ya ce, "Ni na ja mata." Na ji haushinsa, amma na fi jin haushin kaina. Da duk mun rubuta namu, da nata bai tsaya shi kaɗai a bango ba.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, bayan magariba

Akwai wata kwamfuta a lungu, bayan kabad ɗin fayil, fuskarta na kallon bango. Babu mai son zama a wurin domin fanka ba ta kaiwa. Ni da George muka rubuta mata ɗan furogiram, bai fi shafi ɗaya ba. Ka zauna, ka buga tambayarka, ta haɗiye. Ba ta tambayar suna, ba ta riƙe lokaci, kuma cakuɗa tambayoyin take yi. Da safe a buga su a takarda, George ya karanta a fili, wanda ya san amsa ya faɗa, a yaga takardar. Mun ce har samari da 'yan matan da ke shigar mana da bayanai su riƙa zuwa, don a yi yawa, kowa ya ɓace a cikin taro.

George ya ce a cocinsu ma akwai irin wannan lungun, sai dai can Fada, limamin coci, ne a bayan labule, nan kuwa shi ne, kuma shi ba ya yafe zunubi.

Malam ya ce, "Ku dai kada ku ɓata lokacin gwamnati." Bai hana ba.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, da hantsi

An yi dariya a ofishin nan yau, karon farko tun da abin ya faru. Wani ya tambayi me ya sa firinta ke cin takarda. Wata ta tambayi ko gaskiya ne yawan kallon kwamfuta na hana haihuwa, George ya ce a tambayi matarsa, yaransu biyar.

Tawa ta fito a tsakiya. Abu ne da tun Satumba nake kewaye shi kamar rami a hanya: yadda ake sa sababbin nan su jera sunaye masu yawa ba tare da sun cije ba. George ya karanta, ya amsa da kansa ko numfashi bai sauya ba. Wata biyu ina fama da wannan a ciki, ashe amsar tana tebur na kusa da ni tana cin gyaɗa. Na ji sanyi a raina, na kuma ji takaicin watannin da na ɓata.

Lahadi, 1 ga Disamba, da safe

Har yanzu mutanen nan suna Nyanya a gindin motocinsu. An ce an kai wasu ajin makaranta.

Litinin, 2 ga Disamba, bayan la'asar

George na tsakiyar karatu yau da safe sai ya tsaya. Ya kalli takardar, ya kalle ni, ya ɗan karkato ta yadda zan gani.

Duk sauran tambayoyin daga bakin takarda suka fara, kamar yadda kowa ke rubutu. Wannan ɗaya kuwa da manyan baƙaƙe take, kuma kowane layi sai da aka bar gurbi bakwai fanko kafin a fara shi. Waɗanda suka koyi aikinmu a zamanin da ake huda furogiram a jikin kati a saka wa na'ura, haka aka hore su: in ba ka bar gurbi bakwai a farkon layi ba, na'ura ta tofar maka da katinka. Mu da muka zo daga baya na'urar ce ke bar mana gurbin da kanta, hannunmu bai koya ba. Su kuwa hannun ne ke yi, mai hannun bai ma sani ba. A duk ginin nan mutum ɗaya ne ya yi zamanin kati.

George ya gyara murya ya karanta kamar mai sanarwar ɓatan akuya. Da Turanci take, ga ma'anarta: Shin sababbin na'urorin nan suna karanta lamba yadda tsohuwar ta ajiye ta? Ban san sababbin ba. Ban taɓa koyonsu ba.

Malam yana teburinsa, jarida ta rufe masa fuska. Babu wanda ya juya. Ban taɓa ganin mutane masu yawa haka suna fama da wuyansu don kada su kalli wuri ɗaya ba.

Hansatu ce ta fara magana, a hankali. "Ni na san sabuwar. Kowace lamba da gurbinta take karantawa, ɗaya-ɗaya. Tsohuwar ce ban sani ba."

Can sai murya ta fito daga bayan jarida, kamar tambayar wani baƙo ake amsawa. "Tsohuwar matse su take yi. Lamba biyu a gurbi ɗaya, don a yi tattalin tef."

George ya zauna a kan tebur. Ni da shi mun yi shekaru muna aiki da tsohuwar, amma sama-sama. Cikinta Malam kaɗai ya sani, shi ya rubuta furogiram ɗin ma'aikata da hannunsa. Ke nan lambobin mutane a murɗe suka shigo, ta wani ta hau kan ta wani, ta wani ta ɓace. Rabin amsar yana wurinsa, rabi yana wurinta, tebur biyu ne kawai a tsakaninsu duk makonnin nan.

Na shiga banɗaki na yi kuka. Ban san ko don shi ba ne, ko don matar nan ta Nyanya.

Talata, 3 ga Disamba, hutun azahar

Tambayoyin yau duka da manyan baƙaƙe suka fito, duka da gurbi bakwai a farkon layi, har ta mai son sanin ko za a ba da hutun Kirsimeti da wuri. Aikin George ne, jiya ya bi kowa ɗaya-ɗaya ya raɗa masa. Ni ma haka na buga tawa, ina ƙirga gurbin da yatsa.

Malam ya ce a miƙo masa takardar kafin a yaga. Ya daɗe yana dubawa. Ya mayar, ya ɗauki butarsa ya fita, alhali ko hantsi bai yi ba. Da ya dawo ya jawo kujera kusa da Hansatu, suka duƙufa gyara, shi yana faɗa, ita tana bugawa.

Ban taɓa ganin girman George kamar yau ba. Kada dai ya ji, kansa zai kumbura.

Alhamis, 5 ga Disamba, da yamma

Sunaye sun dawo. An fara raba makullai, matar direban nan ta samu ɗaki biyu a Karu. Ban tambayi labarin tsohuwar nan, uwar mijinta, ba.

Darakta ya ce madalla, amma kwamiti yana nan daram, gyara ba ya goge laifi, kuma abin da aka kwafa daga allo yana cikin fayil. Sai yanzu na gane abin da muka yi ranar Talata. Mun rufa wa Malam asiri, mun ji daɗin kanmu, amma da zanen Hansatu muka rufe shi.

Juma'a, 6 ga Disamba, bayan magariba

Na raka Hansatu bakin titi inda take shiga motar Gwagwalada, gida za ta kwana biyu. Na ce ta gaya wa kwamiti abin da ya faru ranar juyen.

"Anti, ba zan iya ba. Oga uba ne a wurina. A gidanmu ba a nuna babba da yatsa a gaban mutane."

"To aikinki fa?"

"Babana ya ce in sun kore ni in dawo, gona yana nan." Ta yi 'yar dariya. Mota ta tsaya, ta sa ƙafa ɗaya, ta juyo. "Ai ke ma kina wurin, Anti."

Ba da zargi ta faɗa ba, shi ya sa ya fi ciwo.

To bari in rubuta. Ranar juyen, tef yana hannunta, ta ce, "Oga, haka zan sa shi, ko akwai abin da za a juya tukuna?" Malam yana tsaye a taga, bai waiwayo ba. Ya ce, "Sa shi haka." Ni ina teburina, na ɗauka ya sani. Duk mun ɗauka ya sani, shi kuma ya san mun ɗauka.

An kira ni shaida ranar Talata. In na faɗa, na tsiraita mutumin da ya koya mini aiki. In na yi shiru, yarinyar nan ta koma gona. Na kasa cin abinci.

Lahadi, 8 ga Disamba, bayan la'asar

Na ja George ya raka ni gidan Malam. Iyalinsa ba su taso daga Legas ba tukuna, don haka a baranda muka zauna, George ya koma gindin bishiya yana shan rake. Malam ya haɗa mini shayi da kansa. Muka yi ta gaisuwa har ta ƙare, muka sake wata.

Shi ya fara. "Bara waccan an ba ni gurbin kwas na sababbin nan. Na bar wa wani yaro. Aka yi ta yabona, wai Yamusa ba shi da son kai." Ya yi murmushi. "Tsoro ne, Rahmatu. In zauna a aji da sa'o'in 'ya'yana, su riga ni ganewa."

Ya kurɓi shayi, ya ci gaba.

"Shekara ashirin ana cewa a tambayi Yamusa. Ranar da yarinyar nan ta tambaye ni, na buɗe baki in ce ban sani ba, sai na ji wata magana daban ta fito."

Ya ce sunansa yana cikin waɗanda za a ƙara wa girma in an gama ƙaura. Ritayarsa ta kusa, wannan ce dama ta ƙarshe. Matarsa har ta ɗaure kwanukanta a kwali tana jiran ya aika.

Na ce, "Malam, ni ban zo in ce ka yi komai ba."

"Na sani. Da kin zo da magana, da ya fi mini sauƙi." Ya juya kofinsa a hannu. "An ce an kira ki shaida."

"An kira ni."

"To ki faɗi abin da kika ga ya dace."

Wato ya ɗora mini. Na fito ina jin haushinsa, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na san shi. A hanya George ya tambaye ni yaya, na ce ya yi mini shiru, kuma abin mamaki ya yi.

Litinin, 9 ga Disamba, da yamma

Malam ya zo, ya gaisa da kowa, ya ce ba matsala.

Talata, 10 ga Disamba, bayan la'asar

Su uku ne a bayan tebur, Darakta a tsakiya, mataimakinsa a dama da takardar da ya kwafa. Hansatu na tsaye, ta sa rigarta ta zuwa coci. Ni ina kan kujera a gefe. Aka karanta tuhuma, aka karanta abin da ta rubuta a allo, aka tambaye ta ko tana da ja, ta ce babu. Darakta ya juyo gare ni.

"Madam Rahmatu, kina wurin ranar da aka yi juyen?"

Na ce ina wurin. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Malam ne, ba a kira shi ba. Ya shigo da babbar riga, hula zaune daidai, ya yi sallama, ya nemi izinin magana.

"Yallaɓai, yarinyar nan ta tambaye ni kafin ta sa tef ɗin. Tambayar da ya kamata a yi, ita ta yi. Ni na ce ta sa."

Darakta abokinsa ne tun suna samari a Legas, na ga yana nema masa mafita. "Wato ba ta yi maka cikakken bayani ba."

"Ta yi."

"To aiki ne ya yi maka yawa, hankalinka yana wani wuri."

"Hankalina yana wurin. Amsar ce ban sani ba. Ban san na'urorin nan ba, ban taɓa koyonsu ba, kuma na ji nauyin in faɗa a gaban yara."

Mataimakin ya ce, "Malam Yamusa, ana rubutawa fa."

"A rubuta."

Hansatu ta rufe fuskarta da hannu biyu. Darakta ya cire tabarau ya ajiye, ya ce mu biyu mu fita, Malam ya tsaya. A waje ta jingina da bango tana ta cewa, "Me ya sa ya shigo, Anti, me ya sa ya shigo." Na riƙe ta.

Da bai ƙwanƙwasa ba, me zan ce? Ina so in rubuta cewa da na faɗa. Gaskiya ban sani ba.

Alhamis, 12 ga Disamba, da yamma

Yau aka ce gwamnati ta tare a Abuja. An rufe hanyoyi, an jera 'yan makaranta a bakin titi da tutoci, jiniya ta wuni tana kuka. Mu ta taga muka ji.

Da rana hukunci ya sauko. An janye tuhumar Hansatu. Malam kuwa an mayar da shi Legas, ya kula da tsohuwar na'ura har ranar da za a kashe ta. Ba a ambaci ƙarin girma ba, kuma babu wanda zai sake ambata. Ni aka ce in riƙe sashen kafin a ga abin da za a yi. Ban ji daɗi ba ko kaɗan.

George ya ce wannan hukunci ne aka sa wa rigar aiki. Bai iya cin gyaɗarsa ba yau.

Litinin, 16 ga Disamba, hutun azahar

Babu motar ofis mai zuwa Legas yanzu, duk nan suke fuskanta. Sai Malam ya nemi wuri a gaban wata babbar mota da ta sauke kaya za ta koma fanko. Da akwati ɗaya ya zo, ta tsaya masa a ƙofar ofis, muka fito duka har da masu shigar da bayanai.

Ya riƙe hannun George ya daɗe bai saki ba. George ya ce, "Oga," ya kasa ƙarasawa. Ni kuma ya ce mini, "Kujerar can tana da ƙusa a gefen hagu, ki kula da zanenki." Na ce to, Malam. Yau na kalli idonsa.

Hansatu ta durƙusa har ƙasa. "Oga, ka yafe ni."

"Me kika yi? Tashi, 'yata, kina ɓata rigarki. Ni ke da neman gafara, kuma na makara."

Ya tattare rigarsa ya hau, direba ya ja. Motar ba kaya, sai ƙara take yi a kan ramuka. Ta ɗaya hannun titin wasu na ta shigowa, an ɗaure gadaje da tukwane a samansu.

Kowa ya koma ciki, ya rage ni da ita.

"Anti, me zai yi a can?"

"Zai zauna da tsohuwar na'urar har a kashe ta."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

Ta daɗe tana kallon titi. Sannan ta share fuska da bayan hannu, ta koma teburinta, domin har yanzu tana da tebur.